Tukunyar Biki da Kwanon Yara

Duk wanda ya tashi a babban gida ya san ranar biki ita ce ranar da yaran gidan suka fi zama da yunwa. Tun asuba an ɗora manyan tukwane a bayan gida, ƙamshin suya ya gauraye unguwa, mata sai kai da kawo suke da farantai, amma abincin nan duk da masu shi. Na dangin ango daban, na 'yan ɗaurin aure daban, na gwaggon da ta zo daga nesa daban, wadda in aka yi mata jinkiri sai an shekara ana jin zancen. Yaro kuwa yana tsaye a bakin madafa da ɗan kwanonsa. Wannan ta ce masa matsa, waccan ta ce je ka wajen uwarka, uwar kuma tana can cikin 'yan anko ana ɗaukar hoto. Sai da la'asar sakaliya wata za ta tuna da shi, ta kankaro masa ƙanzo.

Abin da ya faɗo mini a rai ke nan kwanakin baya, da na zauna ina kallon ɗan ƙanwata mai shekara 9 yana juya wani littafin komik da na sayo masa wajen masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Komik labari ne cikin zane, gida-gida, maganar kowa a rubuce cikin ɗan balan-balan kusa da bakinsa. Bangon ne ya ja mu, ni da shi: jarumai sun fi ashirin, kowa da launin rigarsa. Ya buɗe da ɗoki. Bai yi shafi biyar ba ya fara tambaya: "Kawu, wannan wane ne? Su waɗannan ba abokai ba ne, me ya haɗa su faɗa?" Da ya kai ƙarshe sai ya tarar labarin bai ƙare ba, an rubuta a ƙasa cewa a nemi ci gabansa a wani littafi mai wani suna daban. Ya ajiye shi a hankali, ya fita wajen 'yan ƙwallo. Bai yi ƙorafi ba, kuma shirun nan nasa ya fi ƙorafi damuna.

Abin da na sayo masa yanki ne na irin labarin nan da kamfanonin komik na Amurka ke yi, inda suke tara jarumansu wuri guda, a fara a wannan littafi, a ci gaba a wancan, a ƙarasa a na uku. Taron dangi nake kiransa. Ni kuwa mai son taron dangi ne, na gida da na takarda, shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Da farko kowane jarumi a ɗakinsa yake. Superman ya fito a 1938 cikin Action Comics na farko, ƙirƙirar wasu samari biyu 'yan birnin Cleveland, Jerry Siegel da Joe Shuster, ana sayar da littafin santi 10. Batman ya biyo baya a 1939. A ƙarshen 1940 ne aka yi zaman dangi na farko, cikin All Star Comics na 3, inda Flash da Green Lantern da Hawkman da wasu suka kafa ƙungiyar Justice Society. Abin da ke burge ni shi ne, ba yaƙi ne ya tara su ba. Cin abinci suka zauna yi, kowa ya ba da labarin abin da ya gamu da shi, tamkar hirar zaure bayan isha'i. Yaron da ya miƙa santi gomansa ya samu cikakkun labarai da yawa a bango ɗaya, kuma ko bai taɓa jin sunan Hawkman ba, kafin ya rufe littafin sun saba.

Waɗanda suka mayar da abin unguwa sosai su ne mutanen kamfanin Marvel a shekarun 1960, wato Stan Lee da masu zane Jack Kirby da Steve Ditko. Sun zaunar da yawancin jarumansu a birni na gaske, New York, saboda haka dole a riƙa kiciɓis a hanya. A fitowar farko ta The Amazing Spider-Man a 1963, Peter Parker, wato Spider-Man, marayan da matar baffansa ke riƙo, ya ga babu ta shigo musu gida, sai ya nufi gidan Fantastic Four neman aiki. Da suka ce masa su ba sa biyan albashi, ya juya ransa a ɓace. Wa bai san irin wannan tafiyar ba, ta zuwa ƙofar masu hali na unguwa da takardu a hannu? A 1965 kuma aka yi biki na sosai, auren Reed Richards da Sue Storm, biyu daga cikin Fantastic Four ɗin, a littafin shekara-shekara na Fantastic Four na 3. Avengers sun zo, X-Men sun zo, Daredevil da Spider-Man sun zo, Doctor Doom kuma ya zugo miyagu su ɓata taro. A shafin ƙarshe aka tare wasu mutum biyu a bakin ƙofa saboda ba su da katin gayyata, ashe Lee da Kirby ne da kansu. An fara bikin an gama a littafi ɗaya.

Akwai kuma wata 'yar al'ada ta wancan zamani da nake ƙauna. In wani jarumi ya ambaci abin da ya faru a baya, sai edita ya sa ɗan tauraro, ya rubuta a ƙasan zanen cewa wannan ya faru ne a fitowa ta kaza. Wannan shi ne aikin gwaggon da ke zama kusa da amarya ranar buɗar kai tana raɗa mata: wancan baffan mijinki ne, waccan abokiyar zaman uwarsa ce, ki gaishe ta da kyau. Da irin wannan raɗar baƙo ke zama ɗan gida.

Daɗin waɗannan tarukan yana cikin ƙarancinsu. Mai karatu ya shekara yana bin kowane jarumi a harkarsa ta yau da kullum, ya san halinsa, ya san wahalarsa, saboda haka ranar da suka haɗu a rumfa ɗaya sai ya ji abin da muke ji in muka ga dangin uwa da dangin uba sun jeru a tabarma guda.

A 1984 abin ya fara sauya kama. Kamfanin kayan wasan yara na Mattel yana son labarin da zai tallata 'yan tsanar jaruman Marvel, sai babban editan lokacin, Jim Shooter, ya rubuta Secret Wars, fitowa 12, inda wata halitta mai iko ta kwashe jarumai da miyagu ta jibge su a wata duniya ta ce su gwabza. An saye shi kamar a yi rububi. Shekara ɗaya bayan haka kamfanin DC, gidan su Superman da Batman, ya yi nasa, domin cikarsa shekara 50. Gidan DC a lokacin ya zama irin gidan gandun nan da kowane ƙarni ke ƙara sashe, har ɗan gida ma kan ɓata a lungu, domin tun 1961 suka fara ƙirƙirar duniyoyi barkatai, kowace da nata Flash ɗin, wasu da nasu Superman ɗin. Marv Wolfman ya rubuta Crisis on Infinite Earths, George Pérez ya zana, suka rushe sassan nan duka aka bar tsakar gida ɗaya. Supergirl ta mutu a fitowa ta 7, Flash ya mutu a ta 8. Har yau in na buɗe shi nakan daɗe a kan shafi guda, domin Pérez yakan cusa mutum hamsin a zane ɗaya kuma kowa da fuskarsa, kowa da abin da hannunsa ke yi. Niyyarsu mai kyau ce, so suke a share hanya baƙo ya samu ƙofar shiga. Amma darasin da masu kamfani suka ɗauka shi ne biki yana kawo kuɗi. Tun daga nan, da wuya shekara ta fita ba a kafa rumfa ba.

A nan anko ya shigo. Duk macen da ke zaune cikin dangi masu yawa ta san yadda abin yake. Ba a ce dole ba, amma in ba ki yi ba, a bayan rumfa za ki zauna. Ga na kamu, ga na yini, ga na dina, ba ki gama biyan tela ba an kawo samfurin wani. Haka taron jarumai ya koma. Civil War na 2006, wanda Mark Millar ya rubuta Steve McNiven ya zana, fitowa 7 ne kacal a gindinsa, kuma tambayar da ya ɗauko mai nauyi ce: shin masu irin wannan ƙarfi su yi rajista da gwamnati su bayyana sunayensu, ko kuwa? Iron Man ya ce a yi, Captain America ya ce ina, gida ya rabu biyu kamar rikicin gado tsakanin 'yan uba. Amma a kewayen bakwai ɗin nan an rataya wasu littattafai gomiya-gomiya, kowane da tambarin taron a goshinsa. Wanda ke sayen littafin jarumi ɗaya tak kowane wata sai ya wayi gari an dakatar da labarin da yake bi, an tafi da jaruminsa biki wata da watanni, kuma ba zai gane abin da ke gudana ba sai ya sayi sauran. Littafin da ake sayarwa santi 10 a 1938 yanzu dala 4 ne ko 5, shafi ashirin da 'yan kai. Ga kuma dabarar bango iri-iri ga littafi ɗaya: X-Men na farko na 1991 da bango biyar ya fito, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 8, da yawa ga mutanen da suka sayi biyar ɗin suka adana a leda ba su buɗe ba. Atamfa ɗaya, launi biyar, duk a ƙasan akwati.

Da biki ya yawaita kuma, sai ya zama dole a nemo abin da zai sa mutane su sake fitowa, sai aka koma kashe jarumai. Superman ya mutu a ƙarshen 1992, jaridun duniya suka ɗauka, mutane suka yi layi a shaguna. Kafin 1993 ta fita ya dawo. Captain America ya mutu a 2007, ya dawo a 2009. Flash ɗin da ya sadaukar da ransa a Crisis shi ne ya daɗe, shekara 23, amma shi ma an dawo da shi a 2008. Mutuwa a waɗannan littattafan ta zama yaji. Ranar farko gida yakan girgiza. In an yi na uku, na huɗu, maƙwabta ko leƙowa ba sa yi, kowa ya san jibi za a je biko. Babban mai karatu ya san wasan, ya saba. Yaro ne bai sani ba. Shi da gaske yake ɗaukar labari, da dukkan zuciyarsa, kuma zuciyar da aka yi wa wasa sau biyu tana koyon janyewa.

Duk da haka, ba anko kaɗai ya kori yara ba. Wurin sayarwar ma ya tashi daga inda suke. A da komik yana rataye ne wajen mai jarida da shagon magani da kantin unguwa, inda yaro zai gan shi in an aike shi. Daga shekarun 1970 wani malamin makaranta ɗan New York mai suna Phil Seuling ya buɗe hanyar kai littattafan kai tsaye ga shagunan da ba sa sayar da komai sai komik, a kan rahusa, bisa sharaɗin abin da bai ƙare ba ba a mayarwa. Wannan ya ceci sana'ar a lokacin da take tangal-tangal, dole a faɗi haka. Sai dai kamar a ce mai ƙosan ƙofar gida ta tashi ta koma wani shago can cikin gari ne. Manya masu abin hawa za su bi ta, yaron da ke fitowa da 'yan canjinsa da safe ya rasa. Mai shagon da ba ya iya mayar da kaya kuwa ba zai sari abin da ba shi da tabbacin mai saye ba, masu sayen da ya sani kuma su ne magidantan nan da ke zuwa kowace Laraba, ranar sabon kaya. Aka riƙa dafa musu abin da suke so, yaji ya yi ta ƙaruwa. A 1986 The Dark Knight Returns na Frank Miller da Watchmen na Alan Moore suka fito, ayyuka ne masu girma, na manya zalla, masu kwaikwayo kuma suka ɗebi duhun da zubar da jinin suka bar hikimar. Marubuci Michael Chabon, a jawabinsa na taron lambobin yabo na Eisner a 2004, ya gaya wa masu sana'ar a gabansu cewa ba yara ne suka guje su ba, su ne suka yar da yara garin neman a ɗauke su da daraja.

Ba wai ba a taɓa ɗora tukunyar yara ba. Daga 1974 zuwa 1982 Marvel ya fitar da Spidey Super Stories, fitowa 57, tare da masu shirin talabijin na koyar da karatu The Electric Company, da gajerun kalmomi domin masu fara haɗa baƙi. A 1992 DC ya fara The Batman Adventures, kusan kowace fitowa labari cikakke, zane tsaf ba cunkoso. Daga wannan reshe ne Mad Love na Paul Dini da Bruce Timm ya fito, wanda ya ci lambar Eisner a 1994, ya doke littattafan manya. Tiny Titans na Art Baltazar da Franco ya ci tasa lambar sau biyu, a 2009 da 2011. Duk wadda ta yi raino ta san abincin yaro ba na manya ba ne da aka tsinka da ruwa. Kunun yaye ya fi tuwon biki neman kulawa: a tace, a dama ba gudaji, a ɗanɗana zafinsa kafin a kai bakinsa. Gina labari mai farko da tsakiya da ƙarshe a shafi ashirin, wanda zai ba da dariya ya kuma taɓa zuciya ba tare da jingina ga tarihin shekara sittin ba, ya fi tara jarumai arba'in su rushe birni wuya nesa ba kusa ba.

Mu ma nan an taɓa yi mana irin wannan kulawar. A tsakiyar shekarun 1970 an yi wani komik mai suna Powerman domin kasuwar Nijeriya, masu zana shi 'yan Ingila biyu, Dave Gibbons da Brian Bolland, kuma an sa wa kowane gidan zane lamba domin wanda bai saba ba ya san inda zai bi. Wasu na ganin raini ne. Ni ladabin mai masauki nake gani, wanda ke nuna wa baƙo ga buta, ga alƙibla. Gibbons ɗin nan shi ne daga baya ya zana Watchmen.

Sai dai a manyan gidajen biyu, tukunyar yara kullum a murhun gefe take, ita ake fara saukewa in itace ya yi ƙaranci. Tiny Titans ya tsaya a 2012, jerin Marvel Adventures ma a shekarar ya tsaya. Yaro kuwa in ya ji yunwa ba ya jiran a gama biki, gidan maƙwabta yake shiga. Maƙwabcin a nan shi ne kamfanin Scholastic, mai kai littattafai har cikin makarantun Amurka. A 2005 ya buɗe sashen komik mai suna Graphix da Bone na Jeff Smith. A 2010 Raina Telgemeier ta fitar da Smile, labarin yadda ta faɗi tana yarinya haƙoranta biyu na gaba suka lalace, ta yi shekaru tana zarya wajen likitan haƙori, yara mata suka yi masa caa. A 2016 Dav Pilkey ya kawo Dog Man, ɗan sanda mai kan kare, wanda ya fara zanawa tun yana firamare, a lokacin da ake fitar da shi daga aji a zaunar da shi a baranda saboda karatu na yi masa wuya kuma ba ya iya zama wuri ɗaya. Sabon Dog Man miliyoyi ake bugawa, alhali littafin jarumi na wata-wata in ya sayar da dubu ɗari sai a yi ta murna. Ashe yaran ba su daina karatu ba.

Ba kuma tsawon labari ne ke korarsu ba. Naruto na Masashi Kishimoto, daga Japan, littafi 72 ne, yara suna bin sa tiryan-tiryan, domin hanya ɗaya ce: na 1, na 2, na 3. Mu da muka saba da littattafan Hausa na kasuwa, na ɗaya da na biyu da na uku, mun san daɗin jiran ci gaba. A ce ka gama na ɗaya, sai a ce maka na biyun yana cikin littafin wata marubuciya daban, na ukun kuma sai ka karanta wasu shida kafin ka gane shi, kai ma ajiyewa za ka yi.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne labarin Kamala Khan. A 2014 Marvel ya ba ta littafinta, Ms. Marvel, wanda G. Willow Wilson ta rubuta ƙarƙashin edita Sana Amanat: yarinya Musulma 'yar shekara 16, iyayenta 'yan asalin Pakistan, a Jersey City, tana fama da makaranta da dokokin gida da wa'azin masallaci da sabon ƙarfin da ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Yaran da ba su taɓa taka shagon komik ba suka nemi littafin, ya ci lambar Hugo a 2015. Ga kwanon yara an cika shi da abinci mai kyau. Amma a fitowa ta 19 aka rufe shi domin wani sabon Secret Wars ya taso, aka sake farawa daga lamba 1. Ba a jima ba aka ja ta cikin Civil War na biyu. A 2023 kuma aka kashe ta, ba ma a littafinta ba, a The Amazing Spider-Man na 26, aka tashe ta bayan 'yan watanni a cikin dangin X-Men. Yarinya ce tana tsakiyar cin abincinta ake ta ƙwala mata kira ta zo ta raba wa baƙi ruwa.

Sun fara farga, a gaskiya. Tun 2019 DC ke fitar da cikakkun littattafai na yara da matasa waɗanda ba ruwansu da taron shekara, Marvel kuma ya haɗa kai da Scholastic aka fitar da littafin yara na Miles Morales, wani Spider-Man ɗin, a 2021. Wato an ɗauki shinkafar gida an kai wa maƙwabciya ta dafa wa 'ya'yan gida. Na yi murna da hakan, ko da yake da na fi so a ce murhun tsakiyar gida aka ba su.

Kakarmu, Allah ya ji ƙanta, tana da wata al'ada ranar biki. Kafin a ɗebi ko ludayi ɗaya a kai wa baƙi, sai ta sa a cika mata babban kwano, ta kira mu ɗakinta, ta rufe ƙofa, ta zauna a bakin gado tana kallonmu har mu ƙoshi. In an zo ana buga ƙofa ana cewa dangin ango sun iso, sai ta ce su sha ruwa tukuna. Ita na tuna da na koma wajen masu baza littattafan nan. Wannan karon na tsuguna na riƙa buɗe shafin ƙarshe kafin in taya. Na yi ta ajiyewa har na samu wani siriri, bangonsa ya ɗan yage, jarumi ɗaya, ɓarawo ɗaya, a ƙasan shafin ƙarshe an rubuta ƙarshe. Ɗan ƙanwata ya karanta shi a zaune ɗaya, ya koma farko ya sake. Washegari da safe na same shi a tsakar gida ya tara ƙannensa biyu, yana bin gidajen zanen da yatsa yana fassara musu da Hausa, yana sauya murya in ya zo kan ɓarawon. Da ya gan ni sai ya ɗago ya ce, "Kawu, akwai wani irinsa?"